Ɗakin Addu'a a Makarantar Annabawa

Karatu: 2 Sarakuna 6:1-7; Fitowa 33:7-11; Ayyukan Manzanni 1:12-14
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 6:13



Faston da yake tsayawa a gabanka kowace Lahadi ba daga sama ya faɗo ba. Akwai inda aka rene shi. Kafin ya fara buɗe maka Maganar Allah, kafin ya ɗora hannu a kan marar lafiyarka, kafin ya ɗaura auren 'yarka ko ya tsaya a bakin kabarin mahaifinka, ya yi shekara uku ko huɗu a makarantar Littafi Mai Tsarki ko makarantar tauhidi. Ruwan da ya sha a can, shi yake shayar da kai yau. Saboda haka abin da yake faruwa a waɗannan makarantu ya shafe ka, ko da ba ka taɓa taka ƙofarsu ba.

In Allah ya kai ka ɗaya daga cikinsu, ko manya irin su Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya da ke Bukuru, wadda aka fi sani da TCNN, da ta fara koyarwa a 1959, ko JETS ta Jos da aka kafa a 1980, ko kuwa ƙananan makarantun Baibul na ikilisiyoyinmu, za ka tarar da abubuwa kusan iri ɗaya. Ga azuzuwa inda ake koyon Helenanci da Ibrananci, da tarihin ikilisiya, da yadda ake shirya wa'azi. Ga laburare. Ga ɗakunan kwanan samari, ga gidajen masu iyali da kayan yara a shanye, ga 'yan gonakin masara a bayan gida, domin da yawa daga cikin ɗaliban da noma suke ciyar da iyalinsu. Sai kuma wurare uku da za mu yi tunani a kansu yau: babban ɗakin sujada inda kowa da kowa ke haɗuwa, ƙaramin ɗakin addu'a da ba a cika kulle shi ba, da wata inuwar mangwaro ko wani dutse a gefen makaranta inda ɗalibi yake zuwa shi kaɗai.

Ba a ba da maki a waɗannan wurare, sunansu kuma ba ya fitowa a takardar shaida. Amma a nan ake sanin ko wanda za a yaye bawan Allah ne, ko kuwa mai ilimin addini ne kawai.

Makarantar annabawa tun dā

Tarbiyyar ma'aikatan Allah a wuri guda ba sabon abu ba ne. A zamanin Sama'ila akwai ƙungiyar annabawa a Nayot ta Rama, shi ne shugabansu. A zamanin Iliya da Elisha akwai su a Betel, da Yariko, da Gilgal. Tare suke zama, tukunya ɗaya suke ci, suna koyo a gaban ubangidansu. Talakawa ne. Ɗaya daga cikinsu ya mutu ya bar matarsa da bashi har mai bin bashin ya zo kwashe 'ya'yansa (2 Sarakuna 4:1). Wani kuma ko gatarin kansa ba shi da shi.

Amma dubi abin da ya faru a Nayot. Sarki Saul ya aika mutane su kamo Dawuda a can. Da suka iso suka tarar da annabawa suna annabci, Sama'ila yana tsaye a gabansu, sai Ruhun Allah ya sauko a kan 'yan aiken, su ma suka shiga annabci. Saul ya aika na biyu, haka. Ya aika na uku, haka. Ya taso da kansa, shi ma Ruhu ya kama shi tun a hanya (1 Sama'ila 19:18-24). Makaranta ce, amma makarantar da kasancewar Allah ta cika ta, har mai zuwa da mugun nufi ya kasa aiwatarwa. Irin wannan ce ikilisiya take bukata a yau.

Babban ɗakin sujada

A yawancin makarantun tauhidi akan tsayar da karatu a wani lokaci, a buga ƙararrawa, malamai da ɗalibai su taru a ɗakin sujada. A aji, malami yana gaba ɗalibi yana ƙasa. A ɗakin sujada kuwa, mai digirin digirgir da ɗan aji ɗaya benci guda suke zama, dukansu masu bukatar jinƙai. Wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi, waƙa ɗaya suke rerawa. A nan ne ɗalibi yakan hau mumbari karo na farko, gwiwoyinsa na rawa, 'yan'uwansa suna ɗaga shi da amin. A nan ne kuma waɗanda suka ɓata da juna a kan bokitin ruwa ko kuɗin aro suke zuwa teburin Ubangiji, dole su shirya kafin su miƙa hannu.

Wani zai ce ai taron kullum ne, mene ne a ciki? Ka ji abin da ya faru a wani taron kullum.

A jihar Kentaki ta Amurka akwai ɗan ƙaramin gari mai suna Wilmore, mazaunansa wajen dubu shida. A garin akwai makarantu biyu masu suna Asbury, jami'a da makarantar tauhidi, titi ne kawai ya raba su. Ba na ikilisiyoyin Fentikos ba ne, gadon John Wesley suke bi. Ranar 3 ga Fabrairu 1970 ɗalibai suka shiga ɗakin sujadarsu mai suna Hughes kamar yadda suka saba, taron da bai kamata ya kai sa'a guda ba. Malamin da ke jagora bai yi wa'azi ba. Shaidarsa ya bayar, ya kuma ba ɗalibai dama su ba da tasu. Sai ɗaya bayan ɗaya suka fara fitowa suna furta zunubansu da hawaye, suna neman gafarar juna. Ƙararrawar komawa aji ta buga, ba wanda ya motsa. Aka dakatar da karatu, sujada ta ci gaba dare da rana kusan mako guda. Daga nan ɗalibai suka bazu zuwa wasu makarantu da majami'u suna ba da labari, wutar kuma ta bi su.

Bayan shekara 53, ranar Laraba 8 ga Fabrairu 2023, a ɗaki guda ɗin nan, aka yi wa'azi a kan ƙauna daga Romawa sura 12, aka sallami jama'a. 'Yan ɗalibai kaɗan suka tsaya suna waƙa da addu'a. Wasu da suka tafi aji suka dawo. Taron bai watse ba sai bayan fiye da mako biyu. Dubban mutane suka yi ta kwarara zuwa garin har daga wasu ƙasashe, ɗakin ya kasa ɗaukar su, makarantar tauhidin da ke tsallaken titi ta buɗe nata ɗakunan sujada, Estes da McKenna, su ma suka cika. Babu shahararren mai wa'azi, babu talla.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Watanni kafin falkaswar 1970, akwai wasu ɗalibai da suka yi alkawari a tsakaninsu za su ba Allah rabin sa'a kowace safiya cikin addu'a da karatun Magana, suna kuma haɗuwa su yi wa makarantarsu roƙo. Abin da jama'a suka gani a fili, a ɓoye aka fara shuka shi. Kada ka rena taron tsakiyar mako na ikilisiyarka don mutum goma ne kawai ke zuwa. Ba ka san ranar da Ubangiji zai sauko ba, kuma wanda ya tsaya bayan an sallami jama'a shi ne yakan fara gani.

Ƙaramin ɗakin tsaro

Wuri na biyu ƙarami ne. Wani lokaci tabarma ce kawai a ciki da benci guda da Littafi. Amma mu 'ya'yan ikilisiyoyin Fentikos ya kamata mu fi kowa girmama irin wannan ɗaki, domin a cikin irinsa aka haifi abin da muke ciki.

A watan Oktoba 1900 wani mai wa'azi, Charles Parham, ya buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki mai suna Betel a garin Topeka, jihar Kansas ta Amurka. Gidan da suka yi haya wani ƙaton gida ne da mai shi ya fara ginawa da alfarma, kuɗi suka ƙare masa kafin ya gama, har mutanen gari suka laƙaba wa gidan sunan wautar mai shi. Ɗaliban ba su wuce arba'in ba. Littafin karatunsu ɗaya ne, Littafi Mai Tsarki. A saman gidan akwai hasumiya, sai suka keɓe ta domin addu'a. Suka raba tsaro, kowa sa'a uku, wannan ya sauko wancan ya hau, dare da rana ba a barin ɗakin ba kowa.

A watan Disamba malaminsu ya ba su aiki su bincika Ayyukan Manzanni su ga mece ce alamar baftismar Ruhu Mai Tsarki. Suka dawo da amsa cewa magana da waɗansu harsuna ce. Ba su tsaya a kan amsar takarda ba. Suka shiga addu'ar daren shiga sabuwar shekara suna neman abin da suka karanta. Ranar 1 ga Janairu 1901 wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta roƙa a ɗora mata hannu. Aka ɗora, ta fara magana da wani harshe. Cikin 'yan kwanaki wasu ɗaliban da malamin kansa suka karɓa.

A 1905 Parham ya buɗe wata makarantar a Houston ta jihar Teksas. Wani baƙar fata mai ido ɗaya, William Seymour, ɗan bayin da aka 'yanta, ya zo neman karatu. Saboda wariyar launin fata ta lokacin ba a bar shi ya zauna cikin aji tare da turawa ba. A waje ya zauna, bakin ƙofa, yana sauraro. Wannan da aka bari a waje shi Allah ya ɗauka ya kai Los Anjalis a 1906, inda wuta ta sauko a wani tsohon gini a titin Azusa, ginin da har an taɓa ɗaure dawakai a ciki. Su ma can sun keɓe ɗakin sama domin masu jiran Ruhu. Daga wannan wuri saƙon ya ratsa duniya har ya iso gare mu.

Ka lura da abu biyu. Na farko, karatu da addu'a tare suka tafi. Aji ne ya nuna wa ɗaliban Topeka alkawarin, ɗakin addu'a ne ya sa suka karɓe shi. Kada wani ya ruɗe ka cewa mai Ruhu ba ya bukatar karatu. Bulus ya yi shekara biyu yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranus a Afisa, a wannan lokacin ne kuma Allah ya yi manyan mu'ujizai ta hannunsa (Ayyukan Manzanni 19:9-12). Ilimi itace ne, Ruhu wuta ne. Itace ba wuta, tuwo ba zai dahu ba. Wuta ba itace, yanzu za ta mutu. Na biyu, Allah ya san mai ƙishi ko da mutane sun rufe masa ƙofa. In an hana ka benci, kada ka tafi gida cikin fushi. Zauna a bakin ƙofa ka saurara.

Ayar haddacewarmu ta yau tana maganar wutar bagade da ba a yarda ta mutu ba. Wutar daga wurin Ubangiji ta fito (Littafin Firistoci 9:24), amma firist ne aka ɗora wa nauyin kwashe toka da zuba itace kowace safiya. Allah ne ke kunnawa, mutum ne ke izawa. Tokar jiya kuma sai an kwashe ta. Shaidar abin da Allah ya yi maka shekara goma da suka wuce tana da daɗi, amma ba za ta ɗumama ka yau ba.

Inuwar da ba wanda ya gina

Wuri na uku ba ya cikin zanen maginan makaranta. Ɗalibai ne suke gano shi da kansu: gindin wata bishiya, bayan wani dutse, bakin gona. Da asuba za ka hango mutum lulluɓe da bargo saboda sanyi, yana kai da kawowa, bakinsa na motsi. A nan ake faɗa wa Allah abin da ba a iya faɗa a taro. Kuɗin makaranta bai cika ba. Yaro na kwance ba magani. Dangi sun juya baya tun ranar da ya ce Allah ya kira shi. Wani kuma darasin da ya ji a aji ne ya girgiza bangaskiyarsa, ya zo ya yi kokawa kamar Yakubu a bakin rafin Yabbok, ba zai saki ba sai an sa masa albarka.

Littafi Mai Tsarki cike yake da irin waɗannan wurare. Ishaku yana fita saura da yamma domin tunani. Natanayilu yana gindin ɓaure, bai san idon Yesu na kansa ba. A Filibi, inda babu majami'a, mata suna haɗuwa a bakin kogi ranar Asabar, a can Ubangiji ya buɗe zuciyar Lidiya, aka sami ikilisiya a garin. Ubangijinmu kansa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35). Dutsen Zaitun ya zama masa wurin sabo, har a daren da za a bashe shi can ya nufa.

A 1806 wasu ɗalibai biyar na Kwalejin Williams a jihar Masacusets ta Amurka, cikinsu har da Samuel Mills, sun saba fita fili yin addu'a. Wata rana hadari ya taso da tsawa, suka fake a gindin tarin busasshiyar ciyawa, suka ci gaba da roƙo domin al'umman da ba su ji bishara ba. Daga wannan addu'a ne aka kai ga kafa hukumar aika masu bishara ƙasashen waje ta farko a ƙasarsu a 1810, a 1812 kuma aka tura rukunin farko, cikinsu da Adoniram Judson wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bama. Tarin ciyawa ne kawai, irin wanda kake tarawa domin awakinka. Allah bai jira a gina masa hasumiya ba.

Ai Allah yana ko'ina

Gaskiya ne. Yesu ya gaya wa matar Samariya cewa sujada ta gaskiya ba ta rataya a kan dutsen Samariya ko Urushalima ba, a ruhu da gaskiya take (Yahaya 4:21-24). Bango ba shi da tsarki a kansa. Gidan nan na Topeka ma bai cika shekara guda bayan saukowar Ruhu ba gobara ta cinye shi, amma aikin bai ƙone ba. Saboda haka ba ma ɗibar ƙasar wani wuri mu ƙulla a tsumma, ba ma zaton addu'a ta fi karɓuwa don an hau wani dutse. Jinin Yesu ne ya buɗe mana hanya, ba wani wuri ba.

To me ya sa ake keɓe wuri? Domin mu ne masu rauni. Zuciyar mutum kamar akuya take, in ba turke sai ta shiga gonar wani. Wanda ya ce zai yi addu'a a ko'ina, a kowane lokaci, sau da yawa yakan wayi gari bai yi a ko'ina ba. Musa ya san Allah yana tare da jama'a a zango, amma ya ɗauki alfarwa ya kafa can nesa, duk mai neman Ubangiji sai ya taka ya fita. Wannan takawar ita ce shaidar cewa da gaske yake. In Musa ya gama ya koma zango, saurayin nan Joshuwa, almajirinsa, ba ya barin alfarwar. Da lokacin naɗa magaji ya yi, ba a sha wahalar nema ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai rushe garun Yariko, a alfarwa aka shirya shi tun yana yaro.

Haka almajirai ɗari da ashirin. Sun yi shekaru suna jin koyarwa daga bakin Malamin malamai, sun ga tashinsa daga matattu da idonsu. Duk da haka ya ce kada su fita aiki tukuna, su jira a Urushalima. Bene suka hau, suka lizima addu'a da zuciya ɗaya har ranar Fentikos. In waɗanda Yesu ya koyar da kansa sun bukaci bene, wane ne mai takardar da zai ce shi ba ya bukata?

Inda ruwan gatari ya faɗi

Yanzu mu koma karatunmu na farko. Ɗaliban Elisha sun ga wurin zamansu ya yi musu kaɗan, suka tafi Urdun saran itace domin su faɗaɗa makaranta. Aiki ne mai kyau, aikin Allah ne. Suka kuma yi hikima, suka roƙi Elisha ya tafi tare da su. Ana cikin sara, sai ruwan gatarin ɗayansu ya fice ya faɗa kogi. Ƙota ce ta rage a hannunsa.

Da ya so, da ya ci gaba da dukan itace da ƙotar. Daga nesa za a ji ƙara, za a ga gumi, a ce wane yana aiki. Amma itace ba zai faɗi ba. Wannan ne babban haɗarin mai hidima, kuma a makaranta yake somawa. Ɗalibi ya shiga da wuta, sai Littafi ya zama masa abin jarrabawa kawai. Ya je ɗakin sujada don ana kiran suna, yana zaune yana auna kurakuran mai wa'azi. Ya iya addu'a mai tsari a gaban jama'a, amma ya manta rabon da ya durƙusa shi kaɗai. 'Ya'yan Eli a alfarwar sujada suka girma, amma ba su san Ubangiji ba. Yahuza ya san lambun da Yesu yake addu'a, har shi ya jagoranci sojoji zuwa can. Sanin wurin addu'a dabam, yin addu'a dabam.

Wannan ɗalibi bai ɓoye ba. Ya yi kuka ga ubangidansa, ya faɗa cewa gatarin na aro ne. Shafewar da ke kan kowane bawan Allah aro ce, mai ita zai tambaya. Elisha kuma bai ba shi sabon gatari ba. Ya tambaye shi daidai wurin da ya faɗi. Da ya nuna, annabin ya sari sanda ya jefa a wurin, ƙarfe ya taso kan ruwa, ya ce masa ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan magana ba ta fastoci kaɗai ba ce. Kai ma an ba ka gatari. Akwai lokacin da kake tashi da tsakar dare ba wanda ya tashe ka. Akwai lokacin da in kika durƙusa hawaye ke riga maganarki. Yau fa? Har yanzu kana cikin ƙungiyar mawaƙa, har yanzu kina zuwa zumuntar mata, ƙarar sara tana nan, amma itace ya daina faɗuwa. Ruhu Mai Tsarki yana tambayar ka wurin da ya faɗi. A kan wayar hannu ne, da ta cinye sa'ar da kake ba Allah? A kan gabar da kika ƙi saki ne? A kan wata cinikayya ce da ka san ba ta da tsabta? Nuna masa wurin. Wanda ya sa ƙarfe ya yi iyo yana nan bai sāke ba.

Abin da za ka yi

Na farko, ka keɓe wurinka. Matar nan ta Shunem ta ce wa mijinta su gina wa Elisha ɗan ɗaki a kan soro, su sa gado da tebur da kujera da fitila (2 Sarakuna 4:10). Abu huɗu ne kawai, amma a wannan ɗaki aka ta da ɗanta daga mutuwa. Daniyel yana da ɗakinsa mai tagogi wajen Urushalima, sau uku a rana, ko dokar sarki ba ta sauya shi ba. In ɗaki ɗaya kuke kwana da yara, kusurwa ta isa. In gidan haya ne mai hayaniya, ka riga kowa tashi. In shago gare ka, ka shiga ka rufe minti ashirin kafin ka buɗe wa masu saye. Ka sa wuri, ka sa lokaci, ka fara gobe da asuba.

Na biyu, ka ɗauki makarantar da ke horar da fastocinmu cikin addu'arka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zai yi kiwon jikokinka yana can aji ɗaya yanzu. In ikilisiyarku ta tura ɗalibi, ku san sunansa, ku kira shi, ku aika masa da mudun hatsi da kuɗin littafi. Yana da wuya mutum ya natsu a ɗakin addu'a alhali 'ya'yansa sun kwana da yunwa. In an zo neman gudummawar gyaran ɗakin sujadar makaranta, kada ka ga kamar kuɗin ya tafi inda ba za ka amfana ba. Rijiyar da za ka sha ce ake yasa.

Na uku, ka bar wa fastonka lokacin addu'arsa. Manzanni sun ƙi barin rabon abinci ya raba su da addu'a da hidimar Magana, shi ya sa aka zaɓi mutum bakwai su ɗauki wannan nauyi (Ayyukan Manzanni 6:1-4). Mu kuwa mukan so fasto ya halarci kowane suna da kowane zaman kwamiti, ya sasanta kowace rigima, sa'an nan ranar Lahadi mu yi gunaguni cewa wa'azi ba wuta. Dattawa da dikinoni, ku sauke masa wasu kaya. In kuma za a karɓi sabon ma'aikaci, ku duba takardunsa, wannan daidai ne, amma ku nemi sanin ko mutum ne mai durƙusawa.

Batutuwan addu'a

1. Ka gode wa Allah domin bayinsa da suka koya maka Magana, da makarantun da suka rene su.
2. Ka roƙa Ruhu Mai Tsarki ya ziyarci ɗakunan sujada na makarantun tauhidi da na Littafi Mai Tsarki a ƙasarmu da tuba da sabuwar wuta.
3. Ka yi roƙo domin malamai, ilimi da tsoron Allah su haɗu a cikinsu.
4. Ka yi roƙo domin ɗalibai da iyalansu, Ubangiji ya biya bukatunsu, ya kuma tsare makarantun daga masu mugun nufi kamar yadda ya tsare Nayot.
5. Ka nuna wa Ubangiji inda naka gatarin ya faɗi, ka roƙa ya maido maka.

Addu'a

Ya Uba, na gode domin ka buɗe mini hanya zuwa gabanka ta wurin jinin Ɗanka. Ka gafarta mini inda na ci gaba da sara da ƙota. Ka maido mini ƙishin fuskarka. Ka hura wutarka a makarantun da ake shirya bayinka, ka ta da mana irin Joshuwa, waɗanda ba sa gaggawar barin alfarwa. Kada wutar bagaden gidana ta mutu. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.